Yadda Ake Tsara Rubutun Shafin Intanet Domin Mai Karatu a Waya

Duk wanda aka ɗora wa nauyin rubuta abin da za a saka a shafin intanet na makaranta, ko asibiti, ko kamfani, ko wata ƙungiya, ya kamata ya fara da tunanin halin da mai karatunsa yake ciki a lokacin da ya buɗe shafin. Sau da yawa mutumin nan yana tsaye ne a bakin titi ko yana matse a cikin a-daidaita-sahu, waya a hannu ɗaya, rana tana dukan gilashinta, datarsa ta kusa ƙarewa, kuma abu ɗaya tak ya kawo shi: yana so ya san ranar da za a rufe rajista, ko nawa zai biya, ko ƙarfe nawa likitan ido yake fara ganin marasa lafiya. Idan ya sami amsarsa cikin ɗan lokaci, shafin ya yi aikinsa. Idan bai samu ba, zai rufe ya bugo waya, ko ya tambayi wanda shi ma bai sani ba, ko ya yi tattaki har ofishin ya tarar an tashi.

An daɗe da auna yadda mutane suke karatu a kan allo. A shekarar 1997 wasu masu bincike biyu, Jakob Nielsen da John Morkes, sun zaunar da mutane gaban shafuka suna lura da su, sai suka tarar kashi 79 cikin 100 suna bin shafin da ido ne kawai suna tsintar abin da suke nema, kashi 16 ne kacal suke bin rubutun kalma bayan kalma. A 2006 kamfanin Nielsen Norman Group ya bi diddigin motsin idon mutum 232 da na'ura, aka ga cewa ido yakan karanta layukan farko daga hagu zuwa dama, ya sauko kaɗan ya sake yin haka a taƙaice, daga nan sai ya gangara ta gefen hagu yana duba kalmomin farko na kowane layi, kamar siffar harafin F. Ba kowane mai karatu ne yake bin wannan siffa a kowane shafi ba, amma darasin da ke cikinta a fili yake: saman shafi da farkon layi su ne wurare masu tsada, kuma duk abin da aka binne a tsakiyar dogon sakin layi, kamar an sa shi a ƙasan adaka ne.

Fara da abin da ya kawo mutum

A al'adarmu ta magana da ta wasiƙa, mutum ba ya faɗawa cikin batu haka kawai. Yakan yi sallama, ya yi gaisuwa, ya yi godiya ga shugabanni, ya yi shimfiɗa, sannan ya zo ga abin da ke tafe da shi. Wannan ladabi ne mai kyau a zaure da wurin taro, amma a kan allon waya, inda layi goma sha biyar ko ashirin ne kawai ake gani a lokaci guda, shimfiɗar takan cinye wurin gaba ɗaya, har mai karatu ya gaji kafin ya iso ga labarin. A ɗauki sanarwar wata makaranta da ta fara kamar haka: "Hukumar gudanarwar wannan makaranta mai albarka, ƙarƙashin jagorancin shugabanta mai hangen nesa, tana farin cikin sanar da ɗaukacin iyaye da masu riƙon yara cewa, bisa la'akari da ƙorafe-ƙorafen da aka gabatar a zaman da ya gabata, an cimma matsaya game da batun rajista." Mutum ya karanta kalmomi fiye da arba'in bai san komai ba tukuna. Abin da ya dace shi ne a juya tsarin, a ce: "Za a rufe rajistar sababbin ɗalibai ranar Juma'a 14 ga Maris, 2025, da ƙarfe 4 na yamma." Bayan wannan sai kuɗin da za a biya da inda za a biya, sai takardun da za a zo da su, sai lambar da za a kira idan an sami matsala. Dalilin sa wannan wa'adi da godiya ga hukuma suna iya zuwa daga ƙarshe, domin wanda yake da lokacin karanta su.

'Yan jarida sun daɗe suna aiki da wannan tsari, inda ake sa mafi muhimmanci a sama, mai bi masa a ƙasa, ta yadda ko a ina mai karatu ya tsaya ya riga ya kwashi jigon labarin. Hanya mafi sauƙi ta gane abin da zai hau sama ita ce a je wurin wanda yake zaune a teburin karɓar baƙi ko wanda yake ɗaukar wayar ofis, a tambaye shi tambayoyi biyar da aka fi yi masa a mako. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ainihin shafin, ko da shugaban ma'aikatar ya fi so a fara da hotonsa da jawabin maraba. A nan ne mai tsara shafi yakan sha fama, domin wanda yake biyansa daban, wanda zai karanta daban, kuma dole ne ya iya lallashin na farko don amfanin na biyu.

A lura da yadda aka rubuta ranar a misalin da ya gabata. Idan aka rubuta 03/04/2025, mutumin Nijeriya ko Nijar zai karanta 3 ga Afrilu, wanda ya saba da tsarin Amurka kuma zai karanta 4 ga Maris, saboda haka a rubuta sunan wata da haruffa. Haka nan a guji "gobe", "jibi" da "mako mai zuwa", domin shafi yakan zauna wata da watanni, kuma goben mai rubutu ba ita ce goben mai karatu ba. Kuɗi ma a faɗi nau'insa, naira ne ko sefa ko sidi, tun da masu karanta Hausa ba a ƙasa ɗaya suke ba.

Kanun magana, sakin layi da jimla

Tun da mai karatu tsinta yake yi, a taimaka masa da kanun magana da suke faɗin abin da ke ƙarƙashinsu. "Takardun da za ka zo da su" kan magana ne mai aiki, amma "Ƙarin bayani" ko "Muhimmiyar sanarwa" ba su gaya wa kowa komai. Kuma a yi ƙoƙari kalmar da ke ɗauke da ma'ana ta zo a farko, saboda idon da ke gangarawa ta gefen hagu kalma biyu ko uku na farko kawai yake kamawa.

Akwai wani abu da ido ba ya gani amma yake da nauyi. A harshen HTML, wanda da shi ake gina shafuka, kanun magana suna da matakai shida, daga h1 zuwa h6. Babban taken shafi shi ne h1, manyan sassa h2, ƙananan sassan da ke cikinsu h3, haka har ƙasa. Wasu masu tsara shafi sukan ƙara wa rubutu girma da kauri kawai don ya yi kama da kan magana, ba tare da sun yi masa alamar da ta dace ba. Ga mai gani babu bambanci, amma makaho da ke amfani da manhajar da take karanta allo da murya, irin su TalkBack a wayoyin Android, ko VoiceOver a iPhone, ko NVDA a kwamfuta, yakan yi tsalle ne daga wannan kan magana zuwa wancan don ya gane fasalin shafin, kuma idan babu alamun, sai dai ya zauna ya saurari komai daga farko har ƙarshe. Injunan bincike irin su Google su ma da waɗannan alamu suke fahimtar tsarin shafi.

Kowane sakin layi ya ɗauki batu ɗaya, kuma jimlarsa ta farko ta faɗi batun. Sakin layin da ya cinye layi biyar a kwamfuta yakan koma layi goma sha biyar a waya, don haka a auna tsawonsa a wayar. Inda ake bayanin matakai da dole a bi su a jere, kamar yadda ake biyan kuɗi a banki sannan a dawo a saka lambar rasit, a jera su da lambobi, kowane mataki da aikinsa guda. Inda ake kwatanta farashi ko jadawalin lokuta, teburi mai layuka ya fi dogon bayani. Sai dai kada a mayar da komai jeri, domin hujja mai dalili da sakamako tana buƙatar cikakkiyar jimla da za ta haɗa su.

Game da kalmomi, gwamnatin Birtaniya ta zama abin misali tun da ta buɗe shafin GOV.UK a watan Oktoba na 2012, inda ta tattara bayanan ma'aikatunta wuri ɗaya, ta kuma wajabta wa marubutanta sauƙaƙan kalmomi, tare da shawarar a sake duba duk jimlar da ta haura kalma 25 a ga ko za a iya raba ta. Amurka ma ta yi doka a 2010 da ta tilasta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a da harshe bayyananne. Ga mai rubutu da Hausa, wannan yana nufin ya zaɓi kalmar da mutane suke faɗa a bakinsu. Idan kowa yana cewa fom, rasit, data, kati, babu amfanin ƙirƙiro wata sabuwar kalma da za a tsaya ana tambayar ma'anarta. Kuma in an zaɓi kalma a tsaya a kanta: kada a ce "rajista" a sama, "shiga" a tsakiya, "yin rijista" a ƙasa, har mai karatu ya zaci abubuwa uku ne daban. Babban abin da ke ɓata shafukan Hausa a ganina shi ne fassarar da aka bi Turanci kalma bayan kalma, ko aka ba na'ura aka kwafe ba a duba ba. Maganinta shi ne a karanta rubutun a bayyane ga wanda ba ya jin Turanci, duk inda ya ce "wato me?" a sake rubuta wurin.

Haruffa, musamman masu ƙugiya

Manhajojin buɗe shafuka sun saba nuna rubutu a girman fiksel 16 (fiksel shi ne ɗan ɗigon da ake auna girman abu a kan allo da shi) idan ba a canza ba, kuma bai kamata jikin rubutu ya yi ƙasa da haka ba. Tazarar da ke tsakanin layuka ta kai ninki ɗaya da rabi na girman harafi. Tsawon layi kuwa, masu buga littattafai sun daɗe suna ganin harafi 45 zuwa 75 shi ne daidai, kuma ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga kowa da ake kira WCAG, waɗanda ƙungiyar W3C take fitarwa, sun sa iyakar harafi 80 a matakinsu mafi tsauri. A waya wannan ba matsala ba ce, amma a faffaɗan allon kwamfuta, idan aka bar layi ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ido yakan ɓata hanya wajen dawowa farkon layi na gaba. A jingina rubutu a gefen hagu a bar dama ta tsaya inda ta tsaya, domin tilasta wa gefuna biyu su daidaita yana buɗe gibi marasa kyau tsakanin kalmomi a ƙaramin allo. A kuma guji rubuta dogon bayani da manyan baƙaƙe zalla, yana da wuyar karantawa kuma yana kama da tsawa.

Inda mai rubutu da Hausa yake da nasa aikin na daban shi ne haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar a inda Nijeriya take rubuta 'y. Wasu sukan yar da ƙugiyar da sunan sauƙi, alhali ma'ana takan canza. "An kare" daban ne da "an ƙare", "kafa" daban da "ƙafa", "baki" daban da "baƙi". Mai karatu zai iya gane nufin daga zancen, amma an sa shi aikin da bai kamata ya yi ba, kuma a sanarwa ta hukuma ko bayanin magani wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu uku za a tabbatar. Na farko, shafin da rumbun da ake ajiye rubutun duka su kasance a tsarin UTF-8, wato tsarin adana haruffa da ya san masu ƙugiya, domin idan aka sami saɓani a nan ne ake ganin ƙ ta rikiɗe ta zama tarkace irin Æ™ a tsakiyar kalma. Na biyu, nau'in harafin da aka zaɓa ya kasance yana ɗauke da masu ƙugiyar, manya da ƙanana. Da yawa daga cikin nau'o'in haruffa na ado an yi su ne don harsunan Turai kawai, kuma idan manhaja ta nemi ɗ ta rasa, sai ta aro ta daga wani nau'in, a ga harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa a tsayi da kauri, ko kuma a ga ɗan akwati fanko a gurbinsa. Nau'in Noto na Google, da Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, duka kyauta ne kuma suna ɗauke da waɗannan haruffa. Kafin a amince da kowane nau'i, a rubuta jimla mai ɗauke da irinsu, kamar "Ɓarawo ya ɗauke ƙwaryar Ɗanladi a Ƙofar Mata", a duba ta a siriri, da mai kauri, da mai karkata, domin wani nau'in yakan kawo su a ɗaya ya rasa a ɗayan. Na uku, a sanya wa shafin alamar harshe, wadda ga Hausa ita ce ha, don manhajoji da injunan bincike su san da wane harshe aka yi rubutun. Idan shafin yana da akwatin bincike na kansa, a daidaita shi ta yadda wanda ya buga "kasa" zai sami "ƙasa", saboda ba kowa ne ya saka allon rubutu na Hausa a wayarsa ba.

Launi

Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana burge masu zane a cikin ofis mai labule, amma a tsakar rana a kan waya mai arha ɓacewa yake yi. Ƙa'idojin WCAG sun auna wannan da lissafi: bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Baƙi a kan fari yana ba da 21 bisa 1, wanda shi ne ƙololuwa, kuma ruwan tokan da lambarsa take #767676 shi ne kusan mafi haske da zai tsallake a kan fari. Akwai manhajoji na kyauta da ake saka launuka biyu su fitar da lissafin nan take. Kada kuma a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, kamar a ce ja yana nufin an rufe, kore yana nufin a buɗe, domin akwai mutanen da ba sa bambance waɗannan launuka biyu, kuma matsalar ta fi yawa a tsakanin maza. A rubuta kalmar a gefen launin.

Mahaɗai da madannai

Mahaɗi, wato rubutun da ake taɓawa ya buɗe wani shafi ko fayil, ya faɗi inda zai kai mutum. "Danna nan" sau takwas a shafi ɗaya ba ya taimakon mai tsinta da ido, kuma ga makaho da manhajarsa ta jero masa mahaɗan shafin a jere, abin da zai ji shi ne "danna nan, danna nan, danna nan". A rubuta "Sauke fom ɗin rajista" ko "Duba jadawalin asibitin ido". Idan mahaɗin zai sauko da fayil ne, a faɗi nau'insa da nauyinsa, don mai ƙaramar data ya yanke shawara kafin ya taɓa. A bar wa mahaɗai layin da ake ja a ƙarƙashinsu, kuma kada a ja layi a ƙarƙashin abin da ba mahaɗi ba.

Yatsa ya fi kibiyar kwamfuta kauri. Bugun WCAG na 2.2, wanda ya fito a Oktoban 2023, ya sa fiksel 24 a tsaye da kwance a matsayin mafi ƙanƙantar wurin taɓawa, Apple yana ba da shawarar 44, Google kuma 48, kuma na fi karkata ga manyan, saboda dattijo mai rawar hannu da mai tafiya a mota a kan hanya mai gargada. Madanni ya ɗauki sunan aikinsa, "Biya kuɗi" ko "Aika saƙo", kuma kada a manna "Goge" a jikin "Ajiye". Lambar waya a yi ta yadda taɓawa ɗaya za ta kira.

Hotuna, da takardar da aka ɗauki hotonta

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a ma'aikatu da makarantu: a buga sanarwa a takarda mai tambari, shugaba ya sa hannu, a buga hatimi, sannan a ɗauki hotonta da waya a ɗora a shafi a ce an sanar. Na fahimci dalilin, domin hatimi da sa hannu suna nuna cewa sanarwar ta gaskiya ce. Amma rubutun da ke cikin hoto ba ya daidaita kansa da faɗin waya, sai mutum ya yi ta buɗe shi da yatsu biyu yana ja hagu da dama. Ba a iya kwafe lambar asusun da ke ciki cikin sauƙi, manhajar makafi ba ta da tabbacin karanta shi daidai, kuma nauyinsa ya ninka na rubutu sau ɗaruruwa. Abin yi shi ne a rubuta sanarwar a matsayin rubutu a jikin shafin, sannan a maƙala hoton takardar a ƙasa don shaida. Fayil ɗin PDF ma yana da irin wannan matsala a waya, don haka a bar shi ga abin da za a buga a takarda.

Kowane hoto mai ɗauke da ma'ana yana buƙatar ɗan bayani a ɓoye, wanda manhajar makafi take karantawa kuma yake bayyana idan hoton ya ƙi buɗewa. A faɗi abin da hoton yake nunawa a jimla guda, kamar "Ƙofar shiga ta gabas, kusa da wurin biyan kuɗi". Hoton da aka saka don ado kawai a bar gurbin bayaninsa fanko.

Sai batun nauyi. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamarar waya yakan kai megabayit uku zuwa biyar, alhali idan aka rage faɗinsa aka matse shi, a tsarin WebP misali, zai iya komawa kilobayit ɗari ko ɗari biyu ba tare da ido ya ga bambanci a ƙaramin allo ba. Hoto goma da ba a matse ba a shafi ɗaya kuɗi ne ake cirewa daga aljihun mai karatu ba da izininsa ba. Google yana ɗaukar shafi a matsayin mai sauri idan babban abin da ke samansa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. A kuma faɗa wa shafin tsawo da faɗin kowane hoto tun daga farko, don ya tanadar masa wuri, in ba haka ba rubutu yakan yi tsalle lokacin da hoton ya iso, mutum ya kai yatsa zai taɓa wani abu ya taɓa wani. Bidiyon da ke kunna kansa da tallan da ke rufe allo gaba ɗaya da zarar an shigo, babu abin da zan ce game da su illa a cire su.

Fom

A wurin cika fom ne aka fi rasa mutane, saboda haka kowace tambaya sai ta kare kanta: idan ba a san abin da za a yi da amsar ba, a cire ta. Sunan kowane gurbi ya zauna a samansa a bayyane, domin rubutun da ake sakawa a cikin gurbin da launi mai dishi-dishi yakan ɓace da zarar an fara bugawa, mutum ya manta abin da aka tambaye shi. Gurbin da lamba ake so ya buɗo allon lambobi da kansa.

Fom da yawa an kwafo su ne daga wasu ƙasashe ba a gyara ba, shi ya sa suke ƙin karɓar sunaye irin su Sa'adatu, Mu'azu da Isma'ila saboda alamar da ke tsakiyarsu, ko su ƙi Ɗahiru saboda ƙugiya, su ce wa mutum sunansa ba daidai ba ne. Wannan laifin fom ɗin ne, kuma gyaransa aikin mai ginawa ne. Lambar waya ma haka: ta Nijeriya lamba 11 ce idan aka haɗa da sifilin farko, ta Gana 10, ta Nijar 8, kuma wani zai fara da +234 ko +227, wani ya bar tazara a tsakani. Fom ɗin ya karɓi duk waɗannan ya daidaita su da kansa. Idan an yi kuskure, saƙon ya fito kusa da gurbin, ya faɗi abin da ya faru da yadda za a gyara, kamar "Lambar NIN lamba 11 ce, ka rubuta 10", kuma kada ya goge abin da mutum ya riga ya cika, domin wanda sabis ya yanke masa sau biyu ya sake farawa daga farko da wuya ya yi na uku. Bayan an aika, a nuna masa a fili cewa an karɓa, da abin da zai biyo baya, da lokacin da zai sa ran amsa.

Gwaji da mutane na gaske

Wanda ya gina shafi ba ya iya ganin kurakuransa, saboda ya san inda komai yake. Nielsen ya nuna a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kawai yakan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa a kan a yi babba sau ɗaya. Ba a buƙatar ɗakin bincike. A nemi mutum biyar irin waɗanda aka yi shafin dominsu, a ce uba mai neman sa ɗansa a makaranta, da ɗaliba, da dattijo mai amfani da tabarau, da wanda karatun bokonsa bai yi nisa ba, da makaho mai amfani da manhajar murya idan an samu. A ba kowannensu aiki guda a wayarsa ta kansa, ko Itel ce ko Tecno mai tsagaggen gilashi, a ce masa: "Nemo mini nawa ne kuɗin rajista da ranar da za a rufe." Daga nan sai a yi shiru, wanda shi ne ɓangare mafi wuya, domin bakin mai ginawa yakan yi ƙaiƙayi ya ce "ga shi can a sama". Kada a tambaye shi ko shafin ya yi kyau, kunya za ta sa ya ce ya yi. A kalli inda yatsansa ya tsaya yana shawagi, da inda ya koma baya, da inda ya matso da wayar kusa da fuskarsa, a rubuta su.

Mai ginawa shi ma yana da gwajin da zai yi shi kaɗai kafin ya kira kowa. Ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 ya ga ko wani abu ya hau kan wani, ya matse faɗin allo zuwa fiksel 320 ya ga ko sai an ja shafin gefe kafin a karanta layi, ya ajiye linzamin kwamfuta ya zagaya shafin da madannin Tab kaɗai, ya kashe wayfay ya buɗe shi da datar waya a unguwar da sabis yake da rauni, sannan ya fita waje da azahar ya karanta shi a cikin rana. Bayan an gyara abin da aka gano, a sa ranar sabuntawa a jikin kowane shafi mai ɗauke da farashi ko jadawali, a kuma rubuta sunan ma'aikacin da zai sake duba shi a farkon kowane zangon karatu ko duk lokacin da kuɗin ya canza.